Ciyawar da Ta Ci Gemun Na'Allah

Duk wanda ya san kasuwar Boɗinga a shekarar da aka ba da mulkin kai ya san Na'Allah tela, kuma gemunsa ake fara sani kafin a san shi. Gemu ne baƙi wuluk, mai cika, ya sauko har bisa aljihun riga. Ranar Juma'a man shanu yake sha. In Na'Allah zai taka keken ɗinki sai ya cusa shi cikin wuyan riga don kada allura ta kama. Ban da gemun, Allah ya hore wa mutumin nan baki. Ba a taɓa ambata wani abu a rumfarsa ya ce bai sani ba. In an yi zancen jirgin sama, shi ya ɗinka wa direban wando. In an yi zancen kura, shi ya kore ta daga Sifawa da tari ɗaya.

Da farkon damina ya tafi Sakkwato sayen zare. Ya bi ta unguwar Turawa, ya tarar ana kwashe kayan wani Bature da zai koma ƙasarsu. A ƙofar gidan ga wata ciyawa a tsaye, ta fi mutum tsawo, tsofaffin kawunanta na bara farare sol suna rausaya. Mai kula da lambun yana rage ta, yana haƙe gefe yana zubarwa. Na'Allah ya roƙi dunƙule guda da saiwarsa. Mutumin ya ba shi, ya fara gaya masa yadda ake kula da ita, amma Na'Allah bai ji ko kalma ba, domin a lokacin shi ma yana koya wa mutumin yadda ake aikin lambu.

Ya naɗe ta cikin rigarsa ta Juma'a, ya rungumo ta a mota har gida. Matarsa Ladi ta tare shi tana zaton tsaraba ce.

"Malam, mi kaɗ ɗauko muna?"

"Haki na. Amma ba irin naku ba, hakin Ingila na."

"Haki? Duk hakin da ke Boɗinga bai ishe ka ba, sai ka hau mota ka ɗauko baƙo?"

"Ke dai tsaya ga tukunya, wanga ilimi ya hi ƙarhinki."

Ya raba dunƙulen biyu. Rabi yana da ganye shar, rabi ya yanƙwane don zafin mota. Ya miƙa mata yanƙwanannen, ya ce wannan ya mutu, ta yar da shi bayan ɗaki. Ladi ta wurga shi can inda take zubar da ruwan wanke-wanke, ta koma wurin tuwonta.

Mai kyaun kuwa a ƙofar gida ya dasa shi, daidai inda kowa ke wucewa. Kafin ya gama tono rami mutane sun taru. A cikinsu har da Mode wanzami, maƙwabcinsa, wanda ya yi shekaru yana kallon gemun nan kamar yadda mahauci ke kallon saniyar wani.

Mode ya ce, "Na'Allah, kakanninmu sun ƙare ƙarhinsu wurin kashe haki, kai ko ka zaka kana yi mai gida?"

"Mulkin kai za a ba mu, Mode. Wanda za shi riƙe ƙasa sai ya iya abin da Bature ya iya. Bature mi shika shukawa ƙohwar gidanai? Haki!"

"Tuwo aka yi da shi?"

"A'a."

"Zana?"

"A'a."

"Jinka? Igiya? Abincin jaki?"

"Ko ɗaya."

"To mi aka yi da shi?"

"Kallo."

Aka fashe da dariya har wani ya zauna a ƙasa. Ran Na'Allah ya ɓaci ƙwarai, kuma shi in ransa ya ɓaci bakinsa ke riga hankalinsa. Ya miƙe, ya kama gemunsa da hannun dama.

"Ku shaida! In ranar mulkin kai ta zo hakin ga bai hid da hwarin kai cikin gidana ba, Mode shi aske mani gemu ƙwal, nan ƙohwar gida, gaban kowa!"

Mode ya ɗaga hannu sama kamar an yi masa bushara. "Mun shaida! In ko ya hid da kai, ni Mode, kullum Jumu'a ni ka zuwa in taje maka gemu da hannuna, in shahe shi da mai."

Tun daga ranar Mode ya ƙaura da wurin wasa askarsa. Da can a zaure yake wasawa, yanzu sai ya fito da dutsen ƙofar gida, ya fuskanci Na'Allah, yana wasawa yana yi masa barka da asuba.

Na'Allah ya duƙufa. Abu na farko, ya ce ciyawar Bature ba ta saba da ruwan rijiya ba, shayi ta sani. Kullum da safe sai ya dafa, ya zuba sukari, ya fifita, ya tsiyaya mata a gindi. Ba a jima ba duk cinnakun unguwar suka ji labari. Wata safiya ya tsuguna yana yi mata magana, sai aka ga ya yi tsalle yana dukan wandonsa, ya ruga cikin gida yana kiran Ladi. Da ya fito ya ce motsa jiki yake yi irin na Turawa.

Abu na biyu, ya ce Bature ba ya son rana. Ya kafa mata laima, ya ƙara da tsohon asabari ta gabas. Ciyawa ta rasa haske, ta fara yin rawaya.

Mode ya leƙa ya ce, "Baƙonka ba shi da lahiya."

"Kai dai ba ka san komi ba. Launin Turawa na ya hwara hitowa."

Sai awaki. Akuya ba ta san Ingila ba, ganye ta sani. Ranar da ya tarar da wata ja ta cinye gefe guda, Na'Allah ya kusa kuka. Ya zauna ya ɗinka wa ciyawa gidan sauro, ya rufe ta ruf. Awaki suka ci gidan sauron, suka ɗora da ciyawar. Ya ɗinka wani, sa'an nan ya ce tun da tsare abinci ya gagara, bari a tsare baki. Lokacin an ba shi ɗinkin tutocin 'yan makaranta na ranar biki, kore da fari. Ya kwashe ƙyallayen da suka rage, ya ɗinka wa kowace akuya ta unguwar takunkumi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurawa.

Da la'asar awaki suka koma gidajensu da baki kore da fari, ba mai iya ko kuka. Ba a daɗe ba tsofaffin matan unguwa suka fito, wata da muciya, wata da taɓarya, wata da tsumagiya. Na'Allah ya shige zaure ya danne ƙyaure da baya.

Wata tsohuwa ta buga ƙyauren ta ce, "Hito ka gaya muna, akuyata mi tay yi maka?"

"Iya, ado na! Kayan bikin mulkin kai na niɗ ɗinka musu kyauta!"

"To hito mu ɗinka maka naka!"

Sai da mai unguwa ya zo ya raba, aka kwance wa awaki baki, Na'Allah ya yi alkawarin ƙaya zai kewaye ciyawarsa da ita kamar kowane mai hankali.

Mode kuwa bai zauna banza ba. Duk saurayin da ya zo aski, in ya duba ya ga haɓarsa fayau, sai ya sunkuya ya raɗa masa, "Kai kana tsammanin banza Na'Allah shika tsaron hakin ga? Gemun nan nai daga ina kaka zaton ya hito?" Magana ta zaga gari. Da Na'Allah ya tafi masallaci sai samari su zura hannu ta cikin ƙaya, kowa ya tsinki ganye, a je a daka a shafa a haɓa. Har daga Sifawa aka riƙa aiko da saƙo. Ciyawar da aka kawo da cika kamar dami ta koma kamar wutsiyar ɓera.

Ana cikin haka Maniru duba-gari ya iso, da gajeren wandonsa da sandarsa a hammata. Aikinsa ke nan bin gida-gida yana hana ƙazanta, kuma ba abin da ya tsana kamar ciyawa a ƙofar gida.

"Malam Na'Allah, haki ƙohwar gida sauro shika tarawa. Doka ta hana."

"Ranka shi daɗe, duba da kyau. Mi ka gani bisa hakin?"

"Gidan sauro."

"To! Duk sauron da ya shiga, ya shiga ke nan, ba shi hita. Ni ka tsare ma gari sauro. Kamata ya yi gwamnati ta gode mani."

Maniru ya leƙa cikin gidan sauron. Ya zaga ciyawar yana shafa haɓarsa, wadda ita ma ba ta da ko gashi ɗaya. Ya ce zai ɗauki ganye ya kai ofis a bincika. Ya tsinki mafi tsawo, ya cusa a aljihu, ya tafi da sauri.

Da Na'Allah ya ga abin ya ƙi gaba, sai ya ce yunwa ce. Ya kwaso takin awaki da na jakai kwando-kwando, ya jibge ƙofar gida tun daga bakin zaure har hanya. Ruwan Agusta ya sauka a kai. To, duk abin da dabba ta ci a daji, irinsa na cikin takinta. Cikin 'yan kwanaki ƙofar gida ta yi kore shar: kyasuwa, ƙarangiya, harƙiya, da wasu da ko sunansu ba a sani ba. Na'Allah ya fito da safe ya gani, ya yi kabbara.

"Ya haihu! Jama'a, hakin Ingila ya haihu!"

Mode ya ce, "Barka. Amma ɗiyan ga sun yi kama da mutanen garin ga."

"Nan anka haihe su, dole su ɗauko kama."

Ya hana kowa cire ko tsinke. Ƙofar gida ta zama daji, har ba a ganin zauren sai an matso. Mai kawo ɗinki sai ya tattare riga, ya fito da ƙarangiya har gwiwa. Gemun kansa bai tsira ba, kullum da yamma Ladi ke zama tana tsince masa ƙarangiya yana ihu. Ita kuwa ainihin ciyawar Baturen tana can tsakiya a shaƙe, ko shi Na'Allah in an ce ya nuna ta sai ya yi lalube.

Ana gobe biki, kyasuwa ta fara fid da kai. Sai dai kan nata ja-ja ne, ba fari ba. Na'Allah ya tsaya ya dube shi, ya dubi Mode yana wasa aska. Da gari ya waye, tun kafin mutane su fito, ya daka allin da yake zana yadi da shi, ya bi kawunan kyasuwa yana barbaɗawa har suka yi fari fat. Ya ja da baya ya duba, ya ce ko Baturen ne ya zo sai ya rantse. Ya yi wanka, ya shafe gemu da mai, ya sa babbar riga, ya nufi filin makaranta inda ake taron mulkin kai don ya kwaso shaidu.

Abin da bai sani ba, labarin ƙofar gidansa ya riga ya kai Shagari. 'Yan kasuwa sun gaya wa surukinsa Malam Altine, uban Ladi, cewa gidan 'yarsa ya koma kurmi, maigidan ko dai ciwo ne ko dai ƙarfi ya ƙare. Malam Altine manomi ne da ko tsinke ɗaya ba ya kwana a gonarsa. Abin ya yi masa zafi, ya kuma ji tausayi. Ya ce ba za a yi bikin ƙasa gidan 'yarsa na cikin wannan kunya ba. Ya tara 'ya'yan 'yan'uwansa, ya kira gayya har da makaɗi, suka hau motar kasuwa da fartanyoyinsu. Da hantsi suka sauka Boɗinga. Ba su ko nemi ruwa ba suka duƙa.

A filin makaranta kuwa Na'Allah bai bari an gama jawabi ba. Ya bi mutane yana jan hannun riga. Ya taho da mai unguwa, da Maniru duba-gari, da samarin nan masu jiran gemu, da 'yan kallo bila adadin. Mode na biye a baya da zabirarsa a kafaɗa. Suna kusantar unguwa suka jiyo ganga tana tashi.

Na'Allah ya juyo yana murmushi. "Kun ji? Har makaɗa sun riga mu. Mode, ina hwatan ka zaka da mataji."

Suka karya kwana.

Ƙofar gida fes. An nome, an share, har an yayyafa ruwa. Ga zauren nan a fili kamar ranar da aka gina shi. Can gefe an tara ciyawa tsibi guda, laima da gidan sauro a bisa, jakai biyu sun sa kai suna ci. A tsakiyar filin ga Malam Altine a tsaye, fartanya a kafaɗa, gumi na zuba, fuskarsa cike da farin ciki.

Da wani ne ya yi wannan aiki, da Boɗinga ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Amma suruki ne. Mutum ba ya ɗaga wa surukinsa murya, ba ya ko kallon tsakar idonsa. Na'Allah ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, gemu na taɓa ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba. Kun zaka lahiya?"

"Lahiya lau, ɗana. Kada ka ji kunya, ciwo ba a sa ma shi rana. Ai da ka aiko tun da wuri. Hakin ga har wata cuta ta kama shi, duk kanun sun yi hwarin gari, muna nome shi muna atishawa."

Wani a baya ya ce, "Alli na, Baba!" Aka tuntsire da dariya.

Malam Altine bai gane ba, ya ci gaba. "Akwai wani guda can tsakiya, ɗan ƙanƙane, amma saiwa tai ta yi taurin kai. Sai da munka sa galma. Na sassare shi da hannuna, ba shi ƙara damunka har abada."

Na'Allah ya ƙara sunkuyar da kai. Ya ce a hankali, "Allah shi saka da alheri, Baba."

Mai unguwa ya ce, "Ɗaga murya, Na'Allah. Dattijo ya taso tun daga Shagari."

"Allah shi saka da alheri, Baba!"

Bai tashi daga durƙuson ba ya ji sanyin ruwa a haɓarsa. Mode ya riga ya shimfiɗa tabarma, ya buɗe zabira.

Malam Altine ya ce, "Wanga kuma mi za a yi?"

"Gayya ta biyu, Baba. Kun nome waje, saura na bisa."

Makaɗin Shagari bai san kan zance ba, ya ga dai ana aiki, sai ya ci gaba da kiɗa. Mode ya bi kiɗan da aska. Gemun da ya sha man shanu shekara da shekaru ya riƙa zuba bisa tabarma dunƙule-dunƙule. Na'Allah ya runtse ido, hawaye na bin kumatunsa, ya ce sabulu ne ya shiga masa ido, alhali Mode ruwa zalla ya sa. Da aka gama sai ga wata 'yar haɓa mitsitsiya ta bayyana, wadda ba wanda ya taɓa gani a Boɗinga. Malam Altine ya dube shi ya sake dubawa, ya tambayi mai unguwa ko wannan ƙanen surukin nasa ne.

Mode ya karkaɗe hannu, ya leƙa bakin zaure ya ɗaga murya. "Uwargida, a taimake mu da tsintsiya mu kwashe."

Hannun Ladi ya miƙo tsintsiya daga bayan asabari. Mode ya karɓa, ya sunkuya zai yi shara, sai ya tsaya. Kiɗa ma ya tsaya. Tsintsiyar doguwa ce, kawunanta farare sol, masu laushi, suna rausaya a hannunsa.

Na'Allah ya yi zumbur. "Ladi! Ina kis samo wagga?"

Muryarta ta fito daga zaure. "Bayan ɗaki mana. Mataccen hakin nan da kac ce in yar. Tun watan jiya shika hid da kai, ni ko ina yanka ina shara. Ba ta tada ƙura."

"Tun watan jiya? Mi ya hana ki gaya mani?"

"Kai kac ce ilimin ya hi ƙarhina. Kuma yaushe rabonka da bayan ɗaki?"

Maza ba su shiga gidan mutum, sai aka roƙi Malam Altine ya je ya gano. Ya shiga, ya ɗan jima, ya fito yana girgiza kai.

"Ya hi ni tsawo. Hwari tas, awa auduga. Ban san da shi ba, da na nome shi tun ɗazu. Amma ba a makara ba, bari in koma da galma."

"Baba, kada a taɓa mani tsintsiya!" in ji Ladi.

Na'Allah ya fizge tsintsiyar daga hannun Mode, ya ɗaga ta sama, ya zaga da ita gaban jama'a. "Kun gani? Cikin gidana nic ce, kuma cikin gidana ya hid da kai! Dabara ta! Na waje na awaki na, na ainihi na ɓoye shi. Haka Turawa suka yi. Mai unguwa, wa ya ci?"

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce gaskiya ɗaya ce, Na'Allah ya ci.

"To Mode, mayar mani da abina!"

"Ni aski na iya, dashe sai ku masana. Gwada ba shi shayi." Mode ya rataya zabira, ya dafa ƙirji. "Amma alkawali kaya na, ban tauye maka komi. Jumu'a mai zuwa ina nan tahe da mataji da man shanu. Kai dai ka aje gemun wuri mai kyau."

Mutane suka watse suna riƙe da ciki. Samarin da suka sha daka ganye suka tafi suna shafa haɓa suna harararsa. Aka bar Na'Allah tsaye a fili, iska na kaɗa masa wurin da bai taɓa jin iska ba. Ya dubi tabarma, ya dubi abin da ke hannunsa. A ƙarshe ya sunkuya, ya tattara gemunsa da farar ciyawar Ingila, a hankali, kada ko gashi ɗaya ya ɓata.

Daga zaure Ladi ta ce, "Malam, in ka ƙare miƙo mani. Ban share madahi ba."